Salkar Bature, Ɗaurin Baduku

Kalma takan mutu a harshe idan abin da take nufi ya bar gidajen masu harshen. Ɗaya daga cikin kalmomin Hausa da suka kama wannan hanya ita ce salka. In ka tsaya a bakin ɗakin karatu ka tare ɗalibai kana tambayarsu ma'anarta, wani zai ce jaka ce, wani zai ce gora ce, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa kafa baki ya sha ruwanta. To, mai karatu, ni jikan baduku ne, na sha ruwan salka tun ban san sunanta ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in ba da labarin yadda wani ɗan ilimi da na tsinta a gindin kakana ya fisshe ni kunya a wurin da ba asibiti, ba kanti, ba kuma mai faci.

Bari mu fara da ita salkar kanta. Fatar akuya ce ake feɗewa ɗungurungum, ba a tsaga cikinta, sai a zare naman da ƙashin ta wuya kamar mai tuɓe taguwa. Majema su jeme ta da bagaruwa, sa'an nan a ɗaure ƙafafun tamau, a bar wuyan ya zama baki. Babbar salka takan ci ruwan da ya kai jarka guda. Sabuwa tana ba ruwa wani ɗan ja-ja da ɗanɗanon bagaruwa, sai an yi ta ɗauraya kafin ya ragu. Babban abin da ya sa matafiya ke sonta kuwa shi ne kullum tana cikin ɗan tsattsafo, iska na bugun danshin yana bushewa, wannan bushewar ita ke janye zafin ruwan da ke ciki. Dabarar da ke sanyaya ruwan randa da tulu ke nan, sai dai ita salka ba ta fashewa in raƙumi ya yi tuntuɓe.

Kowa ya san ayarin Azbinawa ya san darajar wannan fata. Kowace shekara bayan damina sukan tashi daga duwatsun Azbin, su ratsa saharar Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500, su ɗauko gishirin kantu da beza da dabino, daga nan su gangaro ƙasar Hausa su musanya da gero. A cikin Tenere akan yi kwanaki ba a ga rijiya ba. Itace ɗaya tak da ya yi suna a wannan hanya, wanda matafiya ke saiti da shi, mota ce ta buge shi a 1973, aka ɗauke gangar jikinsa aka kai gidan tarihi na Yamai. A irin wannan ƙasa, in salka ta fara yoyo ba wanda zai ce a bari sai an isa gari. A nan inda ta huje, nan za a gyara ta.

Garinmu yana can arewacin Kano, kuma a bayan gari akwai wani fili da ake kira zangon Buzaye, domin nan masu raƙuma ke sauka da rani. Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ne badukun da suke kawo wa gyara: linzami, da kube, da takalmi, da salka. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas nakan zauna kusa da shi a zaure, aikina miƙa basilla da riƙe bakin fata. In tsaga ce babba, sai ya jiƙa fatar ta yi laushi, ya ɗora mahoɗi, ya ɗinke da siririn zaren fata, ya shafe ɗinkin da kitse. In kuwa 'yar huda ce irin ta ƙaya, ba ya ko taɓa basilla. Yakan ce allura ba ta toshe huda sai ta yi wasu hudojin. Abin da yake yi a maimakon haka shi ne zan zo kansa nan gaba. Kakana ya rasu a 2016, lokacin ma masu raƙuman sun ja baya, waɗanda ke zuwa kuwa jarka suke ratayawa, wasu kuma robar cikin tayar babbar mota suke ɗaurewa su cika da ruwa. Babu wanda ya gaji allon aikinsa a gidanmu. Mu duka boko ta kwashe mu.

Ita kuwa salkar Bature ba ta daɗe a duniya ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke mai aikin agajin gaggawa, Michael Eidson, ya shiga tseren keke na mil 100 da ake yi a garin Wichita Falls na jihar Tekzas cikin tsananin zafi. Don kada ya riƙa miƙa hannu yana laluben kwalba, sai ya cika ledar ƙarin ruwa irin ta asibiti da ruwan sha, ya zura ta cikin safa, ya manna a bayan rigarsa, ya jawo tiyon ta kan kafaɗa ya danne bakin da abin maƙale shanya. Daga wannan dabara aka kafa kamfanin CamelBak a 1989, watau dai bayan raƙumi, ko da yake duk Buzu ya san kitse ne a tozon raƙumi. Yanzu kamfanoni barkatai ke yin irinta. Jaka ce ta roba mai laushi, mai cin lita 2 ko 3, da faffaɗan baki a sama, da tiyo a ƙasa wanda ke zagayowa har gaban ƙirji. A ƙarshen tiyon akwai ɗan bakin roba mai tsaga, kamar na kwalbar shayar da jarirai, sai ka ɗan cije shi ruwa ya zo. Akan sa ta cikin jakar goyo, a jikin baya, mutum na tafiya yana sha ba tare da ya sauke kaya ba. Tawa a wurin 'yan gwanjo na saye ta, sunan da ke jikinta ma ya goge.

Abin da ya kai ni sayenta kuwa tafiya ce da muka shirya mu huɗu, dukanmu 'yan ɗaki ɗaya. Ɗaya yana karatun injiniya, ɗaya likitanci, ɗaya labarin ƙasa, sai ni ɗan Hausa. Mai labarin ƙasar ne ya dame mu da zancen Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti na jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991, kuma babu wanda ya kai shi girma a ƙasar nan, gama faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Shekara guda muka yi muna tara kuɗi a asusu. Da hutun Disamba na 2023 ya zo muka kama hanya: Jalingo, Bali, Serti, inda muka karɓi izini aka haɗa mu da ma'aikacin gandu, sa'an nan mota ta yi ta nishi da mu a kan hawan Mambila har Nguroje. Daga nan 'yan acaɓa suka kai mu inda babur ya gaza, muka sami wani dattijo Bafulatani da ya san hanyoyin shanu kamar tafin hannunsa, ya yarda ya yi mana jagora. Baffa muke ce masa.

Ya kamata in faɗa wa mai karatu irin zaman da ke tsakaninmu, don ya fahimci abin da ya biyo baya. Abokan nan nawa mutanen kirki ne, amma ba su taɓa barin karatuna ya huta ba. Injiniya yakan ce shi bai ga dalilin da mutum zai bar gida ya zo jami'a ya koyi abin da ya sha a nono ba. Likita yakan ce in mun gama ni zan riƙa yi wa marasa lafiyarsa karin magana har su warke. Malam na Hausa suke ce mini. A hanyar nan ma duk wanda ya yi tuntuɓe sai a ce, “Malam, ina karin maganar wannan?” Ni kuwa sai in yi dariya, tun da na san wasa ne, ko da yake wasan yakan ɗan yi cizo.

Ran kwana na biyu da fara tafiyar ƙasa, da la'asar sakaliya, muka gangara wani kwazazzabo mai kurmi. Wata itaciya ta faɗi ta tare hanya, ga sarƙaƙiya ta lulluɓe ta, tilas muka bi ta ƙarƙashi da rarrafe ɗaya bayan ɗaya. Da muka fita muka ci gaba. Can sai na ji sanyi-sanyi yana bin ƙuguna. Na ɗauka gumi ne, sai da ya gangaro har cinya. Da muka isa bakin rafin da za mu kwana na kwance jaka, sai ga bargona ya jiƙe sharkaf, garin kwakin da na ƙulla ya zama kamar an kwaɓa, salkar da na cika da azahar kuwa saura abin da bai fi kofi biyu ba. A jikin jakar goyon, ta gefen dama, muka sami kan wata ƙaya ya karye ya maƙale. Ita ta ratsa yadi ta sami roba.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Baffa ya nuna tudun da ke gabanmu da sandarsa ya ce, “Samari, wannan ne rafin ƙarshe da na amince da shi a wannan wata. Gobe tun asuba za mu tashi, ba kuma za mu dawo nan ba sai rana ta karkata. Kowa ya ɗauki ruwansa.” Ma'aikacin gandu ya ƙara da cewa shi ba zai hau da wanda ba shi da isasshen ruwa ba, domin in mutum ya faɗi a can sama, a kafaɗa za a sauko da shi. Likita ya goyi bayansa. Ya ce mai hawan dutse da kaya a baya yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin sa'a ɗaya, kuma da zarar ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, ƙarfinsa zai fara raguwa, hankalinsa ma ya fara rarrabuwa. Mai kilo 60 irina, lita ɗaya da 'yan kai ke nan. Wani abin kuma, iskar hunturu tana shanye gumi tun bai taru ba, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa, sai mutum ya bushe bai sani ba. Abin da ya rage mini shi ne wata 'yar gora ta rabin lita. Su ma sauran kowa abin da ya ishe shi kaɗai ya ɗauko, don kowace lita kilo guda ce a baya. Magana dai ta tsaya a kan abu biyu: ko a gyara salka a daren nan, ko in zauna gadin tanti, bayan tara kuɗi na shekara da tafiyar kwana da kwanaki.

Muka hura wuta, muka baza bargon kusa da ita, domin a irin wannan tudu sanyin dare ba abin wasa ba ne. Mai labarin ƙasa ya ce duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da wajen digiri 6. Sa'an nan Injiniya ya naɗe hannun riga ya karɓi aiki. Gaskiya ya fara da kyau, kuma abin da ya yi shi ya kamata kowa ya fara yi. Ya ce irin wannan jaka wuri huɗu take yoyo: murfi in bai zauna daidai ba, mahaɗar tiyo inda akwai wani ɗan zoben roba da kan lalace, bakin tsotso in kaya sun danne shi, sai kuma jikinta, ko dai huda ko kuma inda aka manne gefe da gefe. Ya juye sauran ruwan a tukunya, ya hura mata iska ta tiyo har ta kumbura, ya toshe bakin, ya tsoma ta a rafi yana matsawa, ni kuma ina haska tocila, daidai yadda mai faci ke yi wa tayar keke a cikin baho. Murfi lafiya, mahaɗa lafiya. Can wajen tsakiya, kamar yatsa uku daga gefe, sai ga kumfa na tasowa a jere kamar zaren carbi. Huda ce da ba ta fi kan allura ba. Ya zagaye wurin da biro.

Gano huda ya zo da sauƙi, toshe ta ce ta gagara. Injiniya ya goge wurin, Likita ya ba da audugar sifirit aka wanke maiƙo, aka yanko salatif mai ƙarfi, aka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, aka manna ciki da waje. Da aka zuba ruwa ya yi kamar ya kama. Amma salatif ɗin ya daɗe a cikin jaka, gam ɗinsa ya yi rauni, ga sanyi ga raɓa, ciki kuma bai bushe sosai ba. Da Injiniya ya matsa ta yadda kaya za su matsa ta a baya, sai ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashi, gefe ya ɗago. Aka gwada filastar Likita, ita kuwa yadi ce, sha ta yi ta jiƙe. Ma'aikacin gandu ya fito da kayan facin keke, da sholisho da komai. Likita ya ce atafau wannan ba zai shiga inda ruwan sha yake ba, Injiniya ma ya yarda cewa sholisho robar taya aka yi wa, ita kuwa wannan wata irin roba ce da ake kira foliyuritan, ba zai kama ta ba. Akwai gam ɗin nan mai kamawa nan take, amma in ya bushe ƙandarewa yake yi, da jaka ta lanƙwasa zai tsage. Daga ƙarshe Injiniya ya ce a sa wuƙa a wuta a narke bakin hudar ya haɗe. Na karɓe salkata. Hudar kan allura na iya zama ta shigar yatsa in hannu ya ɗan yi rawa.

Muka yi jugum. Ina riƙe da ita ina murza wurin da aka zagaye da biro tsakanin yatsuna, sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Haka kakana yake murza fata kafin ya yi wa hudar ƙaya magani. Yakan aike ni bakin rijiya in samo masa tsakuwa mai sulɓi, ko ya ɗauki ƙwallon dabino ya goge kaifinsa. Sai ya zura ta ta wuyan salka, ya yi ta turawa daga waje har ta zo daidai ƙarƙashin hudar, ya tattaro fatar a bayanta kamar mai ƙulla kuɗi a bakin zane, ya naɗe wuyan ƙullin da jiƙaƙƙen zaren fata. In zaren ya bushe sai ya ƙara tsukewa da kansa. Salkar tsohon Buzu za ka gan ta da irin waɗannan ƙulle-ƙulle biyar ko shida, kamar nonon akuya, ba kuwa wanda ke ɗiga.

Ban ce wa kowa komai ba, na ɗauki tocila na gangara rafi. Na zaɓi tsakuwa mai girman gurjiya, mai santsi ko'ina, na wanke ta, na jefa a tukunyar shayi ta tafasa. Na roƙi ma'aikacin gandu wani yanki na robar da ya ɗaure tabarmarsa da ita, irin wadda 'yan acaɓa ke ɗaure kaya, na tsaga ta siririya kamar ta danƙon harbin tsuntsu. Injiniya ya ce, “Malam, laya za ka yi mata?” Na ce masa ya riƙe tocila. Bakin salkar Bature yana da faɗi, hannu na shiga, saboda haka aikin ya fi na kakana sauƙi. Na ɗora tsakuwar daidai kan hudar daga ciki, na tattaro robar a bayanta daga waje, na daidaita naɗe-naɗen don kada wani ya hau kan wani. Sa'an nan na ja danƙon har ya miƙe, na yi ta naɗawa a wuyan ƙullin, zagaye bisa zagaye har goma, na cusa ƙarshen a ƙarƙashin na baya.

Muka cika ta, muka rataye a reshe yadda ƙullin zai kalli ƙasa, muka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashi. Kowa ya zuba ido. Muka sha shayi, muka yi sallar lisha, muka dawo, takarda tana nan a bushe. Injiniya ya sauko da ita ya matsa da hannu biyu, ya ɗora gwiwa, sai wani ɗan danshi da ya fito a kan ƙullin, bai ko taru ya zama ɗigo ba. Baffa, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya miƙo hannu ya shafa ƙullin ya ce, “Ɗana, wannan ɗaurin masu raƙuma ne. Wa ya koya maka?” Na ce kakana baduku ne. Ya ce, “Ai shi ya sa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

Injiniya ya daɗe yana juya abin a hannunsa, daga baya shi da kansa ya yi mana bayanin dalilin da ya sa ya kama. Ya ce shi faci a bakin huda yake tsayawa yana kokawa da ruwa, ƙarfinsa duka a gam yake, gam kuwa ba ya son danshi da sanyi. Shi ɗauri tare hanya yake yi tun ruwan bai isa hudar ba, ya mayar da wurin da ya lalace wani ɗan ɗaki dabam. Tsakuwar kuma ita ke hana ɗaurin zamewa, gama duk yadda ruwa ya tura, zagayen danƙon ba zai iya tsallake ta ba. Na ce masa kakana bai taɓa faɗa mini haka ba, cewa kawai yake yi in samo mai sulɓi. Ya ce ai mai sulɓin ma hikima ce, mai kaifi wata hudar za ta yi.

Da asuba na cika ta da ruwan da muka tafasa tun dare. Likita ya sa an bar shi yana tafasa minti 3, domin a kan tudu ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Ban cika ta maƙil ba, na kuma tsotse iskar da ta rage don kada ta yi ta kaɗawa. Na rufe ƙullin da safa, na sa salkar cikin leda, na ɗora ta a saman kaya maimakon ƙasa, ƙullin na kallon sama. Hawan ya ci mana rabin yini. Ciyawa ce shimfiɗe ko'ina, tudu bayan tudu, duk wanda ka hau sai ka ga wani ya leƙo. Da muka isa ƙololuwa mai labarin ƙasa ya nuna mana gabas ya ce can Kamaru ce, muka zauna iska na kaɗa mu, ba mai iya dogon magana. A hanyar saukowa ruwan Injiniya ya ƙare, ni na tsiyaya masa a murfin gorarsa. Ya sha ya ce, “Malam, yau kam ba ni da ta cewa.” Har muka koma Nguroje ɗaurin bai saki ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara maganin kowace cuta ce. Huda ƙarama a tsakiyar jiki take yi wa aiki. In manne-mannen gefe ne ya buɗe, babu abin da za a tattaro, sai dai a naɗe gefen a danne shi, a kuma riƙe jakar yadda wurin zai kasance a sama. In zoben mahaɗa ne ya lalace, a zare shi a wanke yashi a mayar, in ya tsinke a naɗa siririn danƙo a gurbinsa. In tiyo ne ya tsage kusa da baki, a yanke wurin, a tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi, a sake cusawa. In robar ta tsufa ta yi tauri, ƙulli na iya tsaga ta. Ɗaurin kuma na fita kunya ne kurum. Da na koma gida na kwance shi, na bar jakar ta bushe kwana biyu, na yi mata faci ta waje da gam irin na foliyuritan, na bar shi ya kwana kafin in zuba ruwa. Duk mai niyyar irin wannan tafiya kuwa, ya gwada salkarsa a baho tun yana gida, ya sa bargonsa cikin leda, ya riƙe danƙo da sabon salatif, kada kuma ya zuba ruwansa duka a mazubi ɗaya. Madugan da ma ba sa fita da salka guda.

Da muka dawo makaranta na je ɗakin karatu na buɗe ƙamusun Bargery na 1934. Salka tana ciki, haka 'yan'uwanta irin su burgami da taiki da wasaki da tandu da gyandama. Ƙamus ya adana sunayen, madalla da wannan aiki. Amma ƙamus ba ya faɗa maka girman tsakuwar da za ka zaɓa, ko zagaye nawa za ka yi, ko dalilin da ya sa ake jiƙa zare. Wannan ilimin a yatsun dukawa da majema yake, kuma in suka kwanta dama da shi suke tafiya. Ni sa'a na yi aka aike ni bakin rijiya ina yaro. Abubuwa nawa kakana ya sani waɗanda bai aike ni a kansu ba?

Saboda haka nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'yan wannan ƙungiya, in hutu ya zo kowa ya nemi wani tsoho mai sana'a a garinsu, baduku ne, ko maƙeri, ko mai gyartai, ko maginiyar tukwane, ya zauna gabansa yini guda. Kada ya tsaya ga tambayar sunayen kayan aiki kaɗai. Ya tambayi yadda ake gyara abu in ya lalace, don nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Kowa yana da waya a aljihu, a ɗauki murya da hoton hannun yana aiki, a rubuta, a kawo mujallar nan. Malamanmu kuma su daure su riƙa karɓar irin wannan a matsayin aikin jinga. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari.